Me ya sa ba a barin direban ko-ta-kwana ya gwada mota kafin tsere a Formula 1?

Tambayar ta fito ne daga wani ɗan'uwa mai gidan kallo a Gusau, wanda ya ce ranar da babu wasan ƙwallo yakan kunna wa matasa tseren motoci na Formula 1. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne abin da ya faru a Jidda cikin watan Maris na 2024: rashin lafiya ta kwantar da Carlos Sainz, sai Ferrari ta ɗauko yaro ɗan shekara 18, Oliver Bearman, ta danƙa masa mota bayan atisayen awa ɗaya tak. Ya ce kamfani mai kuɗi irin Ferrari, mai filin tsere na ƙashin kansa, me ya hana shi horar da yaron a motar tun da wuri? Sannan da wane ma'auni ake zaɓen mai maye gurbi, tunda ya ji ana cewa wani lokaci akan tsallake wanda aka ajiye domin aikin a je a aro direban wata ƙungiya?

Malam, ba rowa ba ce, ba kuma sakaci ba ne. Doka ce ta ɗaure musu hannu. Ferrari tana da filin Fiorano a bayan masana'antarta da ke Maranello, tana kuma da na Mugello, amma ba ta da ikon fito da motar bana ta yi ta zagaye a cikinsu yadda ta ga dama. In ta yi, hukumar FIA mai kula da tseren za ta hukunta ta.

Da can ba haka abin yake ba. Ni da nake koyar da aikin injin mota a nan Birnin Kebbi, na fara bin wannan tsere tun zamanin da manyan ƙungiyoyi ke da tawaga biyu: ɗaya tana bin gasa ƙasa-ƙasa, ɗaya kuma ba ta da aiki sai gwaji, da nata makanikai da manyan motocin kaya da direbobi. A shekarun da Bridgestone da Michelin ke gogayyar taya, daga 2001 zuwa 2006, Ferrari kan wuni tana ƙona roba a Fiorano tun safe har faɗuwar rana. Mai kuɗi ya sayi gudu da kilomita, maras kuɗi ya zuba ido. A 2007 aka fara sa iyaka ta kilomita 30,000 a shekara. Da tattalin arzikin duniya ya karye a 2008, har Honda ta tattara nata ya nata ta bar gasar a watan Disamba, sai ƙungiyoyin da hukumar suka amince a hana gwaji gaba ɗaya a tsakiyar kaka daga 2009. Dalilin kuɗi ne zalla. Ba wanda ya zauna ya yi tunanin direban da zai shigo rana tsaka.

Abin da ya rage yanzu kaɗan ne. Akwai gwajin share fage kafin kaka, wanda a 2023 da 2024 da 2025 kwana uku ne kacal a Bahrain, da mota ɗaya ga kowace ƙungiya, wato kowane direba cikin biyun ya sami kwana ɗaya da rabi. To wa zai ɗauki wannan ɗan lokaci ya ba wanda ƙila ba zai taɓa shiga tsere ba a shekarar? Akwai ranaku biyu na ɗaukar hoton talla, da a da kilomita 100 ne kowace, daga baya aka mayar 200, kuma da tayoyin da ba na gasa ba. Akwai gwajin tayar da kamfanin Pirelli ke shiryawa don amfanin kansa. Sai tsohuwar mota, wadda ta kai shekara biyu da ƙerawa, wannan an yarda a gwada. Tun 2022 kuma an tilasta wa kowace ƙungiya ta ba sabon jini atisayen farko na ranar Juma'a sau biyu a shekara, aka ninka zuwa huɗu a 2025. Awa ɗaya ce kowanne, kuma yawanci ana ɗora wa yaron na'urorin awo ne a ce ya tattaro wa injiniyoyi bayanai, ya kuma yi hattara kada ya fasa motar mai gida.

Dokar ba ta wasa ba ce. A 2013 Mercedes ta yi wa Pirelli gwajin kilomita 1,000 a Barcelona da motar shekarar, sauran ƙungiyoyi suka yi ca, aka gurfanar da ita, aka ja mata kunne aka kuma hana ta gwajin matasan direbobi na wannan shekara. Har gwajin cikin masana'anta ma an ƙayyade: ƙaramin samfurin motar da ake hura wa iska a ɗakin gwaji ba ya wuce kashi 60 cikin ɗari na girman ta gaske, kuma wanda ya zo na ɗaya a bara shi ake ba mafi ƙarancin lokaci.

Masu kallon ƙwallo a gidanka za su fi saurin gane matsalar ta wannan hanya. Ɗan benci a ƙwallo yana atisaye da 'yan wasan farko kullum, da ƙwallo iri ɗaya, a fili iri ɗaya, shi ya sa in aka sako shi a minti na 70 ba baƙo ba ne. Direban ko-ta-kwana kuwa yana iya shekara cur yana sanye da rigar ƙungiya, yana tsaye a gareji da abin sauraro a kunne, bai taɓa taka totur ɗin motar da ake cewa shi ne madadinta ba.

Shekarar 2009 ɗin da aka kafa dokar ita ce ta nuna illarta ƙarara, kuma a kan Ferrari ɗin da kake tambaya. A Hangari, ranar 25 ga Yuli, wani sifirin ya ɓalle daga bayan motar Rubens Barrichello ya daki direban Ferrari Felipe Massa a hular kwano yana tsananin gudu, ya fasa masa ƙoƙon kai. Allah ya yi da sauran kwana, amma kakarsa ta ƙare. Ferrari ta juya ga Michael Schumacher, zakaran duniya sau bakwai, wanda ya yi ritaya a ƙarshen 2006. Ya yarda. Sai dai motocin 2009 sun sha bamban da waɗanda ya bari: an dawo da tayoyi marasa zane, an rage fukafukan da ke danne mota a ƙasa, an kuma ƙara wata na'ura da ke tara ƙarfi daga birki ta mayar wa injin. Ferrari ta roƙi sauran ƙungiyoyi su yi mata alfarmar kwana ɗaya tak ya gwada motar bana. Williams da Red Bull da Toro Rosso suka ce a'a. Red Bull tana da hujja mai ƙarfi, domin a wannan tsere na Hangari ƙanwarta Toro Rosso ta sa Jaime Alguersuari ɗan shekara 19, wanda kafin wannan mako bai taɓa shan kwana da motar ba sai gudu a miƙaƙƙen layi, kuma ba wanda ya yi masa alfarma. Schumacher dai ya gwada motar 2007 a Mugello, nan wuyansa, da ya ji wa rauni a faɗuwar babur cikin watan Fabrairu, ya nuna ba zai ɗauka ba. Ya janye.

Daga nan aka ba Luca Badoer. A takarda babu wanda ya fi shi cancanta: direban gwajin Ferrari ne tun 1998, ya san ƙungiyar ciki da bai, kuma kilomitan da ya yi a motocinta ba su ƙirguwa. Amma shekarunsa 38, rabonsa da tsere tun 1999, kuma dokar hana gwaji ta zaunar da shi kamar kowa. A Valencia ta Sifaniya, ranar Juma'a kaɗai sau huɗu aka kama shi da wuce ƙa'idar gudu a layin gareji. Ya zo na ƙarshe a zagayen neman gurbi, wato gudun da ke tsara inda kowa zai tashi ranar tsere, ya gama tsere na 17. A Spa ta Beljiyam ya sake tashi daga can baya ya ƙare na 14, shi ne na kashin baya cikin waɗanda suka kai ƙarshe, alhali abokin ƙungiyarsa Kimi Räikkönen ya ci tseren da irin motar. An yi ta yi masa ba'a, wadda a ganina ta wuce kima. Mutumin da ya shekara goma yana zagaye shi kaɗai a fili ba abokin hamayya, an jefa shi tsakiyar motoci 19.

Wanda ya tsaya a nan zai ce darasin a fili yake: ɗauko wanda ke cikin tsere yanzu. Haka Ferrari ta yi. Ta ɗauko Giancarlo Fisichella, wanda a wannan tsere na Spa ya tashi daga gurbi na ɗaya da motar Force India, ya kuma zo na biyu yana bin Räikkönen a gindi. Mutum ne mai kaifi, yana kan ganiyarsa a makon. Ya yi wa Ferrari tsere biyar, bai kawo maki ko ɗaya ba. Motar Force India ba ta da waccan na'ura ta birki, ta Ferrari tana da ita, kuma tana sauya yadda bayan mota ke ɗaukar birki in an doshi kwana. Abin da zai koya cikin kwana biyu na gwaji, sai ya koma koyonsa a gaban duniya ranar Juma'a da Asabar. Wannan rabin labarin ne mutane ke mantawa. Badoer ya san gida amma ya yi tsatsa, Fisichella ba tsatsa amma baƙo ne ga motar, kuma duka biyun dokar ce ta hana su cike abin da suka rasa.

Shi ya sa zaɓen madadi ya zama auna waɗannan abubuwa biyu, bayan an tsallake shingen takarda. Shingen shi ne babban lasisin FIA. Tun 2016, bayan Max Verstappen ya shigo yana ɗan shekara 17, aka ce sai direba ya tara maki 40 cikin shekaru uku daga ƙananan gasanni, ya kuma yi aƙalla kilomita 300 a motar Formula 1 da gudun tsere, kusan nisan zuwa Sakkwato daga nan Birnin Kebbi da dawowa. Wannan sharaɗi na maki ne ya hana Colton Herta na Amurka shigowa a 2022 duk da nasarorinsa a IndyCar, gasar tseren motoci ta Amurka. Ƙungiya kuma ba ta wuce direbobi huɗu a kaka sai da larura, kuma dole a yi canjin kafin a fara zagayen neman gurbi ranar Asabar. Da an wuce nan, in direba ya kwanta, motarsa ma ta kwanta. Saboda haka waɗanda suka cancanta a duk duniya 'yan tsiraru ne, kuma na farko da ake tambaya sau da yawa shi ne: wa ke kusa da filin nan yanzu?

A Oktoba 2020 Lance Stroll na ƙungiyar Racing Point ya tashi ba lafiya ranar Asabar a Nürburgring ta Jamus. Nico Hülkenberg yana birnin Cologne, ba shi da kwantiragin tsere da kowa a shekarar. Aka kira shi, ya kamo hanya, ya shiga mota kai tsaye a zagayen neman gurbi ba tare da atisaye ko zagaye ɗaya ba. Ya tashi na 20, ya ƙare na 8. Amma ka lura da abin da yake da shi: ya yi tsere har ƙarshen 2019, ya shafe shekaru a wannan ƙungiya lokacin tana Force India, kuma ya riga ya tuƙa motar a Silverstone wata biyu kafin nan, lokacin da korona ta kama Sergio Pérez. Wato ya haɗa rabin abin da Badoer ke da shi da rabin na Fisichella. Irinsa ne kowane shugaban ƙungiya ke so a wayarsa.

Batun tsallake na gida da ka ji kuwa, labarin Mercedes ne a Disamba 2020. Korona ta kama Lewis Hamilton gab da tseren Sakhir a Bahrain. Direban ko-ta-kwana na ƙungiyar shi ne Stoffel Vandoorne, wanda rabonsa da tseren Formula 1 tun 2018, yana can yana tseren motocin lantarki. Sai suka aro George Russell daga Williams. Russell ɗan gidan Mercedes ne tun yana ƙarami, Williams kuma injin Mercedes take saye, don haka cinikin bai yi wuya ba. Ga wani abu da ba a gani a talabijin: an ƙera mazaunin motar ne daidai jikin Hamilton, Russell kuwa dogo ne, sai da ya matsa ƙafarsa cikin takalmin da bai kai lambarsa ba don ta sami wurin motsi tsakanin totur da birki. Hatta maratayan kuloci da ke bayan sitiyari an yi su ne don yatsun wani. Duk da haka tazararsa da Valtteri Bottas, ɗaya direban Mercedes, a neman gurbi 0.026 na daƙiƙa ce, ya kuma ja ragamar tseren har sai da makanikai suka ɗaura masa tayoyin da ba nasa ba, daga baya kuma ya yi faci, ya ƙare na 9. An ƙwari Vandoorne? Ta fuskar alkawari, e. Amma Mercedes tana da wata buƙata ta biyu, tana so ta ga yaronta a babbar mota gefe da gefe da Bottas, kuma tun da dokar ta hana ta gwada shi a asirce, rashin lafiyar Hamilton ce ta zama mata filin gwaji. A 2022 Russell ya gaji kujerar Bottas.

Za ka ce ai akwai na'urar kwaikwayo. Akwai, kuma ita ce ta maye gurbin tsohuwar tawagar gwaji. Ɗaki ne da aka dasa gangar mota a kan ƙafafu masu motsi, da allo mai zagaye, kwamfuta tana lissafa duk abin da taya da fukafuki za su yi. Nan direban ko-ta-kwana ke cin yawancin albashinsa, wani lokaci ya kwana yana gwada saitin da za a aika wa waɗanda ke fili kafin gari ya waye. Tana koya masa maɓallan sitiyari, da tsarin tashi, da inda kowace kwana take. Abu biyu ne ba ta bayarwa. Na ɗaya tsoron bango. Na biyu wuya. A birki mai ƙarfi da kwana mai gudu, jikin direba kan ɗauki nauyin da ya ninka nasa kusan sau biyar, kan da hular kwano suna fizgar wuya gefe, sau ɗaruruwa cikin tseren kilomita 305. Duk ɗaga ƙarfen da mutum zai yi a ɗakin motsa jiki bai kai tuƙin kansa ba. Nyck de Vries, da ya maye gurbin Alex Albon a Williams a Monza cikin 2022 ya zo na 9, sai da makanike ya taimaka aka ciro shi daga motar don kafaɗunsa sun mutu.

Yanzu koma kan Bearman da wannan ido. Ba daga sama ya faɗo ba. Ɗan makarantar direbobin Ferrari ne, ya tuƙa tsohuwar motarta a Fiorano, ya yi atisayen Juma'a sau biyu da Haas a 2023, Haas kuwa injin Ferrari take amfani da shi. Uwa uba, yana Jidda a wannan mako yana tseren Formula 2, gasar da ke ƙasa da Formula 1, a kan wannan titi mai kwana 27 da bango a kowane gefe, har ya ci gurbi na ɗaya kwana guda kafin a kira shi. Ya san filin da jikinsa, ya san maɓallan daga na'ura, abin da ya rage masa kawai shi ne motar. Ya tashi na 11, ya ƙare na 7, a gaban Lando Norris da Hamilton. A cikin iyakar da doka ta bari, Ferrari ta shirya shi iya shiryawa.

In ka tambaye ni ko dokar ta yi daidai, zan ce ta yi, domin ba don ita ba da ƙananan ƙungiyoyi da dama sun daɗe da rufe gareji, kuma tun 2021 da aka sa iyakar kashe kuɗi ta dala miliyan 145, gwaji ba iyaka ba shi da mazauni. Inda nake da ja shi ne ƙofar tsohuwar mota. Fito da motar shekara biyu baya yana buƙatar hayar fili da injina da makanikai na daban, kuma manya ne ke iya wannan akai-akai. Mercedes ta ba Kimi Antonelli dubban kilomita a tsoffin motocinta cikin 2024 kafin ta ba shi kujerar Hamilton a 2025. Yaron da ke hannun ƙaramar ƙungiya ba ya samun ko kusa da haka. Bambancin da aka kora ta ƙofar gida ya dawo ta taga, sai dai yanzu a kan matasa ya fi sauka.

Ka kuma gaya wa matasan gidan kallonka kada tsere ɗaya ya ruɗe su, don ya sha ruɗar masu ƙungiyoyin kansu. Wannan na 9 na Monza ne ya samo wa De Vries cikakkiyar kujera a AlphaTauri, ƙanwar Red Bull da a da ake kira Toro Rosso, a 2023, aka sallame shi bayan tsere goma ba maki. Wanda ya karɓe shi, Daniel Ricciardo, ya sami kujerar ne a ranar da ya yi wa Red Bull gwajin tayar Pirelli a Silverstone, ɗaya daga cikin 'yan damammakin da suka rage na shiga motar bana. A mako na uku da dawowarsa ya karya hannu a atisayen Juma'a a Zandvoort ta Holan. Aka juya ga Liam Lawson, wanda ke tsere a Japan a shekarar, aka ba shi awa ɗaya ranar Asabar a jiƙaƙƙen titi, washegari ya ƙare na 13 cikin ruwan sama, ya kuma riƙe kujerar tsere biyar har hannun Ricciardo ya warke.